Tsai da Manufa da Ƙulla Zubi a Ƙagaggen Labari: Abin da Kafanchan Ke Nema Daga Marubucinta

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abubuwa biyu da ke hana marubuci kai ƙagaggen labarinsa gaci, wato rashin tsai da manufa tun farko da rashin ƙulla zubi. Ta ɗauki Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna a matsayin fagen nazari, domin yanki ne da tarihi ya tara wa abin faɗa mai yawa, amma rabonsa a rubutun zube na Hausa bai taka kara ya karya ba. Bayan waiwayar zubin wasu littattafan gasar 1933 da na adabin kasuwar Kano, takardar ta yi hujja da cewa manufa ce ke haifar da zubi, zubi kuma shi ke ba marubuci ma'aunin aikinsa na kullum. Ta kuma ja kunnen marubuci game da mayar da rikici madadin zubi.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya saba zama da matasa masu sha'awar rubutu ya san fara littafi ba ya ba su wuya. Babi na ɗaya yakan zo a guje, na biyu ya bi sawunsa, daga na uku sai tafiya ta fara nauyi, ƙarshenta a ajiye aikin cikin waya har ranar da wayar za ta lalace. In ka tambayi mai shi, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce ba lokaci, ko ya ce labarin ne ya tsaya masa. A ganina amsoshin nan tushensu ɗaya. Wanda bai san inda labarinsa ya dosa ba, ba zai iya yanka wa kansa aikin yini guda ba, kuma wanda ba shi da aikin yini guda, ko an ba shi shekara kyauta haka za ta wuce.

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da ware jigo, da zubi da tsari, da salo, da taurari a matsayin ginshiƙan nazari. Littafin Isa Mukhtar, Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai, ya shimfiɗa wa ɗalibai wannan hanya, kamar yadda Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya tattara tarihin rubutun kansa. Sai dai mun saba amfani da waɗannan kayan aiki ne bayan littafi ya fito, mu feɗe shi a aji. Abin da nake so a nan shi ne a miƙa su ga wanda bai gama rubutawa ba, musamman wanda ke zaune a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi.

2.0 Garin da labari ya yi wa yawa

Kafanchan ta zamani jirgin ƙasa ne ya raine ta. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da hanyar Kaduna da reshen Jos, kuma daga baya aka ja layi daga Kuru har Maiduguri, wanda aka kammala a 1964. Ƙasar al'ummar Fantswam ta wayi gari da tasha, da unguwar ma'aikatan reluwe, da Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen wasu sassa da suka zo neman abinci. A 1933 aka maido hedikwatar masarautar Jama'a cikin garin. Kewaye da shi kuwa ga Bajju, da Atyap, da Agworok a gindin duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, da Ham na ƙasar Kwoi da Nok, da Nikyob, da Gwong, da Fulani makiyaya. 'Yan mishan na SIM sun kafu a Kwoi da Kagoro tun farkon ƙarnin da ya wuce, kuma tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙar majami'a a yawancin yankin, ban da kasancewarta harshen kasuwa da tasha.

Sannan ga ɗaya fuskar. Tarzomar Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta tashi, ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ga Zangon Kataf a Fabrairu da Mayun 1992, ga rikicin sarauta na 1999, ga abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone, ga hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyuka daga baya. Reluwe ta durƙushe, tasha ta yi tsit, 'yan fansho suka shiga jira. A daminar 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta, amfanin gonar da Kachia da Jaba da Jama'a suka yi suna da shi, ta ruɓar da ita a cikin ƙasa.

Na jero waɗannan ne domin a ga girman matsalar. Marubucin da ya fito daga nan ba ya rasa abin rubutawa. Abin da ke kayar da shi shi ne son zuba duka a littafi ɗaya: kakansa da harin bayi, ubansa da reluwe, shi da 2011, ƙanwarsa da soyayya tsakanin coci da masallaci. Kowanne a cikinsu littafi ne mai zaman kansa. Wanda ya kasa zaɓa ya riga ya kasa gamawa.

3.0 Manufa

Idan aka ce wa marubuci ya tsai da manufa, yakan ɗauka ana nufin jigo, sai ya ce manufarsa zaman lafiya ce, ko haƙuri, ko illar ƙabilanci. Waɗannan kyawawan buri ne, amma ba sa nuna wa kowa abin da zai rubuta gobe da safe. Manufar da ke aiki ita ce wadda za a iya mayarwa tambaya guda, mai mutum a cikinta, mai abin da yake so, mai abin da zai rasa. Shin wannan tsohon zai biya bashin amana ko da gidansa zai kwana da yunwa? Shin wannan malamar za ta faɗi abin da ta gani a daren, alhali mai laifin ɗan ɗakinsu ne? Tambaya irin wannan ita ke gaya wa marubuci inda zai fara, wato ranar da tambayar ta taso, da inda zai tsaya, wato ranar da aka amsa ta. Duk abin da bai taɓa ta ba, komai daɗinsa, na wani littafin ne.

Daga nan sai batun wanda ake rubuta wa. A Kano wannan tambaya ba ta cika damun marubuci ba, domin shi da mai karatunsa da taurarinsa galibi addininsu ɗaya, al'adarsu ɗaya, Hausarsu ɗaya. A Kafanchan ba haka abin yake ba. Littafin da aka rubuta da Hausa a nan zai iya faɗawa hannun 'yar Zumuntar Mata a Kagoro, ya faɗa hannun ɗalibin Islamiyya a cikin gari, ya kuma kai Sakkwato inda mai karatu bai taɓa ganin gonar citta ba. Dole marubuci ya yanke shawara tun farko kan abin da zai bayyana da abin da zai bari a gane, da kuma yadda taurarinsa za su yi magana. Hausar kudancin Kaduna tana da kamanninta, kuma shawarata ita ce mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, amma a bar taurari su yi magana kamar yadda mutanen wurin ke yi, ba tare da an mayar da harshensu abin dariya ba, kamar yadda wasu wasannin barkwanci suka saba. Haka ma sunayen al'ummu: ko tauraro zai ce Kaje ko Bajju, Kataf ko Atyap, ya danganta da wane ne shi da zamanin da yake magana, kuma mai karatu na yankin zai lura nan take in an yi sakaci.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa ƙagaggen labarin Hausa gadon wasu ne shi ɗan kallo ne. Cikin littattafai biyar da suka fito daga yunƙurin Hukumar Talifi ta Zariya bayan gasar 1933, ɗaya, wato Jiki Magayi, John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East. Kirista Bahaushe yana cikin waɗanda suka aza harsashin ginin tun ranar farko.

Akwai wani ɓangare na manufa da nake ganin ya fi shafar wannan yanki, shi ne ta idon wa za a ga labarin. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna zafin bauta ta hanyar yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ta rasa ranta, amma harin da Makau, mijin uwar, ya fita tare da mayaƙan sarki daga ɓangaren maharan muka gan shi, waɗanda aka kamo ba su samu bakin magana ba. Jikokin mutanen da suka hau duwatsu domin tsira daga irin wannan hari suna nan, suna jin Hausa, suna rubuta ta. Idan ɗayansu ya tsai da manufar ba da labarin daga kan dutsen, ya ƙara wa adabin Hausa abin da ba shi da shi, kuma wannan zaɓi kaɗai zai sauya masa zubin littafin gaba ɗaya.

4.0 Zubi: jeri da dalili

Tun zamanin Aristotle ake cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma Gustav Freytag a 1863 ya zana hawa da ƙololuwa da gangara da ake koyarwa a makarantu. Amma bambancin da ya fi amfani ga mai rubutu shi ne wanda E. M. Forster ya fitar a 1927, tsakanin jerin aukuwa da kuma aukuwar da wata ke haifar da wata. A jeri, mai karatu yana tambaya ne me ya faru bayan nan. A ƙullin dalili kuwa yana tambaya me ya sa.

Littattafanmu na farko sun ba mu misalin kowanne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce: Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai wanke mijin uwarsa daga wulaƙancin fada, yana shiga gari yana fita, yana karo da Malam Zurƙe suna ramuwar gayya. Za ka iya ɗauke wani gari daga tsakiya, ko ka sauya musu wuri, labarin bai rushe ba. Abin da ya riƙe shi shi ne manufar tafiyar da kuma hazaƙar Imam wajen ba da dariya. Jiki Magayi kuwa ba ya ɗaukar irin wannan taɓi. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya auri Zainab, masoyiyar Abubakar, wannan ya tura Abubakar neman abin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan Kyauta, ɗan Malam Shehu, ya zama ɓarawo, satar kuma ta kai shi ga zama ajalin mahaifinsa. Cire ɗaya, sauran su zube.

Ba ina cewa zubin tafiya aibi ne ba. Gadonmu ne daga tatsuniya da hikaya, kuma a hannun gwani yana da armashi. Matsalarsa ita ce ba shi da birki. Marubuci zai iya ta cewa "sai kuma", "ana nan ana nan", har abada, domin babu abin da ya wajabta masa tsayawa. Kasuwa ma ta ƙarfafa wannan ɗabi'a. Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ya ba mu marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa, ya saba fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, saboda tsadar ɗab'i da ƙarfin aljihun mai saye. Manyansu sun san inda za su kafin su raba. Masu koyi da su da yawa rabawar kawai suka koya. Yau abin ya koma WhatsApp da Wattpad, inda marubuciya ke sakin shafi kullum, masu karatu na matsa mata, wani lokaci har su sauya mata ra'ayi game da wanda tauraruwa za ta aura. Charles Dickens ma kashi-kashi ya riƙa fitar da littattafansa a Ingila, amma da ya ƙware sai ya koma tsara abin da kowane kashi zai ƙunsa a takarda kafin ya rubuta shi. Sakin labari kullum ba laifi ba ne in an riga an ƙulla shi.

4.1 Zubin mahaɗa

Wane irin zubi ne ya dace da gari irin Kafanchan? Labarin tauraro ɗaya tilo yakan ƙuntata wa irin wannan wuri, domin gaskiyar garin ita ce mutane dabam-dabam ne rayuwa ta haɗa. Abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki darasi daga tashar kanta. Layuka uku ne suka shigo ta, kowanne daga nisan duniya, kowanne da kayan da ya ɗauko, kuma ba don sun haɗu ba da babu wanda zai san da garin. Haka marubuci zai ɗauki zare biyu ko uku, kowanne da tauraronsa da buƙatarsa, ya tafiyar da su dabam, amma tun kafin ya rubuta kalmar farko ya san wuri da rana da dalilin da za su gamu, ya kuma san cewa bayan gamuwar babu wanda zai ci gaba a yadda ya zo.

Sharaɗin wannan zubi biyu ne, kuma na biyun ya fi wuya. Na farko, kada zaren su wuce uku a littafin farko. Na biyu, gamuwar ta fito daga abin da taurarin suka aikata da hannunsu. Idan haɗarin mota ne ya haɗa su, ko mafarki, ko wani boka da ya faɗo daga sama a babi na ashirin, mai karatu zai ji an yi masa wayo. Idan kuwa bashi ne, ko gado, ko filin gona, ko alkawarin da iyaye suka ƙulla, to tun babi na biyu zai fara hango karon yana fargabarsa, kuma wannan fargaba ita ke sa a kasa ajiye littafi.

4.2 Rikici ba ya zama madadin zubi

A nan nake so in daɗe kaɗan, domin nan ne na fi jin tsoro. Marubucin da labarinsa ya tsaya a tsakiya, in ɗan wannan yanki ne, yana da wata mafita a kusa: ya tayar da tarzoma. A ƙone kasuwa, a kashe wanda ya rasa yadda zai yi da shi, a raba masoya, a watsa kowa, shi ke nan labari ya motsa. Wannan kuskure ne ta fuskar fasaha, domin tarzomar ta zo wa taurarin daga waje, ba zaɓinsu ne ya jawo ta ba, ba kuma zaɓinsu ne ya warware ta ba, sun zama ganyen da iska ta kwasa. Kuskure ne kuma ta fuskar amana, domin waɗanda suka rasa 'yan'uwa a 1987 da 1992 da 2011 suna raye, su ne za su karanta, kuma bai kamata a mayar da makokinsu dabarar cike shafi ba.

Tarihin kansa ya nuna cewa rikici ba ya faɗowa haka kawai. Abin da ya kunna wutar Zangon Kataf a Fabrairun 1992 shawarar mayar da kasuwa wani wuri ce, amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar jayayya kan ƙasa da sarauta da wanda ke da iko da ciniki, irin abubuwan da Toure Kazah-Toure da Moses Ochonu suka yi nazari a kai. Aikin marubuci shi ne ya gangaro da wannan babban dalili zuwa cikin gida ɗaya: wane ne rumfarsa za ta tashi, wa ya ci bashi a kanta, wa ya yi shiru a ranar da ya kamata ya yi magana. Abubakar Adam Ibrahim, a littafinsa na Ingilishi Season of Crimson Blossoms wanda ya ci kyautar NLNG a 2016, ya bar rikicin Jos a bayan fage, yana aiki a zukatan taurarin bayan sun bar garin, labarin kuma yana tafiya a kan abin da su da kansu suka zaɓa. Wannan hanya ta fi kusa da yadda mutane ke rayuwa da abin da ya same su.

Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne. A cire babin tarzomar a gani. In labarin ya rasa ƙafar tsayawa gaba ɗaya, to dama babu labari, rahoto ne. In kuwa tambayar littafin tana nan, sai dai ta rage nauyi, to an sa rikicin a inda ya dace.

5.0 Misali

Bari in gwada abin da na faɗa da wani tsari da na ƙaga domin wannan takarda. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, Kirista, ya yi ritaya ya koma noman citta. Yana da dillali Bahaushe Musulmi a cikin gari, wanda suka shekara da shekaru suna hulɗa ba takarda ba shaida. A farkon daminar 2023 tsohon ya karɓi kuɗi a hannun dillalin domin ya faɗaɗa gona ya biya wa 'yarsa kuɗin makaranta a Gidan Waya, bisa alkawarin zai biya da citta in an yi girbi. Cuta ta cinye gonar. Abin da ya tsira ɗan kaɗan ne, daidai irin da zai shuka baɗi, kuma iri ya yi tsada a ko'ina. Tambayar littafin: zai ba da irin ya cika alkawari, ko zai ɓoye shi ya ceci gidansa?

Zare na farko na tsohon ne. Na biyu na dillalin, wanda shi ma kuɗin ba nasa ba ne, na wani babban ɗan kasuwa ne da ke matsa masa, ga kuma ɗansa da ke ganin uban ya cika sanyi, a kai maganar hukuma kawai. Na uku na 'yar, wadda ita kaɗai ta san inda aka ɓoye irin, ta kuma san domin ta aka ci bashin. A tsakiyar littafin ne mai karatu zai gano abin da ya ɗaure mutanen biyu: a Afrilun 2011 ɗayansu ya ɓoye iyalin ɗayan a ɗakinsa kwana da kwanaki, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ta da zancen. Rikicin bai zo ya warware komai ba. Ya ƙara wa bashin nauyi ne, domin yanzu kowannensu yana tambayar kansa wa ke bin wa. Matasan ɓangarorin biyu kuma suna jiran ƙaramin dalili su mayar da maganar kuɗi maganar addini, kuma tsofaffin sun san haka.

Gamuwar za ta kasance ranar kasuwa, lokacin da 'yar ta yanke shawarar abin da za ta yi da sirrin da ke hannunta. Yadda za ta ƙare na bar wa mai rubutawa, amma wajibi ne ya san amsar kafin ya fara, ko da zai sauya ta a hanya in taurarin suka nuna masa wadda ta fi. Tsarin da aka rubuta ana iya gyara shi. Wanda ba a rubuta ba, babu abin gyarawa.

Irin wannan labari zai zauna a babi 24, kowanne kalmomi kamar 2,500, jimla 60,000. Shida na farko su kafa bashin da mutanen, goma sha biyu na tsakiya su bi ruɓewar gonar da matsin da ke ƙaruwa, shida na ƙarshe su kai ga gamuwa da abin da ya biyo baya. Kalandar noman ma ta ba shi ƙashin baya kyauta: shuka a farkon damina, bayyanar cutar a tsakiyarta, lokacin haƙa da bushewa da kaka, sannan Kirsimeti da matsin kuɗinta. Kowane babi a rubuta masa layi biyu a takarda guda: wa ke son me a nan, kuma me ya sauya kafin babin ya ƙare. Babin da aka rasa abin rubuta masa a layi na biyu, a soke shi tun bai ci wa mutum mako uku ba.

6.0 Ma'aunin aiki

Sai yanzu maganar lokaci take da ma'ana, domin an san girman aikin. Wanda zai rubuta kalma 300 a yini, kwana biyar a mako, zai kai 60,000 cikin mako 40. Saura mako 12 a shekara, kuma da gangan na bar su, domin marubucin wannan yanki galibi malamin makaranta ne ko ma'aikaci ko ɗalibi, kuma kusan kowa yana da gona. Akwai makonnin shuka da na girbi, da na gyaran takardun jarrabawa, da Sallah da Kirsimeti, da biki da makoki, da ranakun da ba wuta waya ta mutu. Jadawalin da bai yi lissafin waɗannan ba zai karye a wata na biyu, mai shi ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa.

Anthony Trollope ma'aikacin gidan waya ne a Ingila, yana rubutu da asuba kafin ya tafi aiki, ya yanka wa kansa kalma 250 a kowane kwata na awa, har a cikin jirgin ƙasa yana rubutu in aiki ya tura shi tafiya. Abubakar Imam kuwa a 1936 an ɗauke shi daga koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, inda cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, ga edita a kusa da shi yana dubawa. Ɗaya ya ƙwaci lokacinsa da kansa, ɗaya hukuma ta ba shi. Marubucinmu na yau ba mai ɗauke masa aiki, ba kuma edita, saboda haka hanyar Trollope ce tasa, sai dai ya rage adadin zuwa abin da zai iya riƙewa. Ya kuma nemi mutum ɗaya ko biyu masu faɗa masa gaskiya, zai fi kyau in ɗayansu ba addininsu ɗaya ba, ya riƙa ba su kowane babi shida. A littafin da ya shafi al'ummu biyu, wannan mai karatu na farko shi zai nuna masa inda ya yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci ba da saninsa ba.

Wanda bai taɓa gama komai ba, ya fara da gajeren labari. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yadda iyakance tsawo ke tilasta wa marubuci zaɓar tambaya ɗaya ya amsa ta. Wanda ya iya ƙulla labari ya kwance shi a shafi biyar ya samu rabin abin da yake buƙata domin shafi ɗari biyu.

7.0 Kira

Gasar 1933 ce ta haifar da littattafan farko, ta kamfanin ɗab'i na NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Duk lokacin da aka sa wa marubutan Hausa wa'adi da iyaka da mai dubawa, littattafai sun fito. Ina roƙon Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya reshen Kaduna, su haɗa hannu su shirya irin wannan domin kudancin jihar, da Hausa da kuma harsunan yankin irin su Tyap da Jju da Hyam. Kada a fara da neman cikakken littafi. A nemi shafi ɗaya mai ɗauke da tambayar labari da jerin babi, a zaɓi masu ƙwari, a haɗa kowane marubuci da malami guda, a ba su shekara.

Ku kuma marubuta, akwai aikin da ba ya jiran kowace hukuma. Direbobi da masu ba da hannu da makanikan da suka yi aiki a tashar Kafanchan lokacin da jirage ke cika ta sun tsufa, haka matan da suka sayar da abinci a bakin dogo, haka dillalan citta na farko. Ku je ku zauna da su bana, Musulminsu da Kiristansu, ku tambaye su wa suka ci bashinsa, wa suka yi wa alkawari, me suka zaɓa a ranar da zaɓi ya yi tsanani, ku rubuta amsar kafin ku tashi daga wurin.